Layin Safaya

Akwai wata ranar kasuwa a Azare da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa zai sa in manta shekarar da na buɗe gidan abincina. Zan ba da labarin daki-daki, domin ni ba na son zance mai tsalle-tsalle.

Kafin in shiga sana'ar abinci, direba ne ni. Na daɗe ina jigila tsakanin Azare da Katagum, wani lokaci in ratsa ta Itas. Karatuna bai yi nisa ba, amma ubangidan da ya koya mini tuƙi ya ba ni wani ilimi da har yau nake cin moriyarsa. Kowace safiya, kafin a tayar da mota, sai an duba ruwa, an duba baƙin mai, an taka birki, sannan a sauko da safaya a danna ta. Yakan ce tayar da ba ta taka ƙasa ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce take kwana da mutum a daji.

Da bayana ya fara ciwo na ajiye sitiyari, na kama wuri kusa da tasha na buɗe gidan abinci. Maiɗakina ce shugabar madafa, ita da matan da ke taya ta. Ƙanena ne ke zaune a teburin karɓar kuɗi. Ni kuma ina kan kowa da komai. Muna yin tuwon shinkafa da miyar kuka, da shinkafa da wake, da burabusko, da farfesun kifin da ake kawo mana daga Katagum. Zamani ya zo da mutane ba sa yawo da takardar kuɗi a aljihu. Mutum zai ci ya ƙoshi, ya zaro waya ko kati. Masu oda ma ta waya suke turo saƙo. Intanet ya zama mana kamar gishiri: ba a ganinsa a miya, amma ranar da babu kowa zai sani.

Na sa layin kamfanin da kusan duk unguwar ke amfani da shi. Bayan haka sai na yi abin da ya sa aka daɗe ana yi mini dariya. Na sayi akwatin intanet na biyu, na wani kamfani dabam. Wannan kamfanin ba shi da ƙarfi a ɓangarenmu, sai da aka kafa masa eriya a kan doguwar sandar ƙarfe a saman rufi kafin ya kama sosai. Na haɗa shi da batirin sola. Na kuma kafa masa doka. Kowace safiya, bayan na dawo daga masallaci, zan kunna shi, in tura saƙo in ga ya tafi, in kashe. Kowane wata zan sabunta masa data, an taɓa ta ko ba a taɓa ba. Lambar sirrinsa kuwa ni kaɗai na sani, kuma na sa yadda ake canza ta a kaina tun ranar da mai haɗawa ya nuna mini.

Ƙanena bai taɓa yarda da wannan tsari ba. Duk sa'ad da ya ga ina sabuntawa sai ya ce, "Yaya, wannan akwatin naka ɗan hutu ne. Ya ci ya kwanta, ya tashi ya ci. Ko ni ban samu wannan gatan a wurinka ba."

Nakan ce masa, "Kai ma da za ka yi shiru kamarsa, da na ƙara maka."

Maƙwabta kuma suka riƙa zuwa roƙon lambar. Mai shagon kayan masarufi ya zo, mai gyaran waya ya zo, har surukina ya zo. Duk amsa ɗaya na ba su. A wurinmu hana maƙwabci abu irin wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne, na sani. Amma na san kuma idan na ba mutum ɗaya, kafin la'asar duk tasha ta samu, ranar da nake buƙata in tarar da rijiya ta ƙafe. Har suna aka sa mini: mai rowar iska. Na ji, na ci gaba da tsarina.

Yanzu sai in kawo zancen Hajiya, domin ba don ita ba da babu labarin.

Tsohuwa ce Babarbariya, daga cikin mutanen Borno da tashin hankali ya raba da garuruwansu suka zauna a Azare. Ta rasa mijinta da manyan 'ya'yanta a can. Ɗa ɗaya ya rage mata. Da ya girma ya ce zai tafi Saudiyya aikin tuƙi, ta ce ba ta yarda ba, ba za ta sake rasa wani ba. Ya yi ta lallashi ta ƙi. Ƙarshe ya shirya takardunsa a ɓoye ya tafi ba sallama. Tun daga ranar ta ce ba ta ƙara jin muryarsa. In ya kira wayar maƙwabciyarta, sai ta tashi ta shige ɗaki.

Shi kuwa bai fasa ba. Ya samu lambata ta hannun wani direba, ya roƙe ni in riƙa kai wa mahaifiyarsa abincin rana kullum, shi zai riƙa turo abin da ya kama. Na karɓa a matsayin amana, shi ya sa ban taɓa aiken kowa ba. Bayan azahar ni da kaina nake ɗaukar kwanon in kai mata zauren da take zama tana sayar da turaren wuta. Ta san wanda yake biya. Ranar farko ta ce mini, "Abincinsa zan ci, haƙƙina ne. Amma kada ka kawo mini gaisuwarsa."

Ni asalina Bafulatani ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Hajiya ba ta taɓa barin ranar banza ba. Da ta hango ni sai ta ce, "Ga bawana nan ya iso. Bafulatanin da ya rasa shanu ya koma wanke kwano." Ta buɗe burabuskon ta shinshina. "Ka gaya wa matarka wannan ba burabusko ba ne, tsakin kaji ne. A Borno ko baƙon da ba a so ba a ba shi wannan." Sannan ta cinye tas.

Ban taɓa rama mata ba. Ni ba mutum ne mai wasa ba, ko da yara. Sai in ce, "Allah ya ƙara lafiya, Hajiya," in ɗauki kwanon jiya in tafi. Takan bi ni da cewa, "Wannan ko dariya sai an rubuta masa takarda."

To, ranar da nake magana a kai, ranar kasuwa ce, gari ya cika da fatake. Hantsi bai gama ɗagawa ba layin farko ya ɗauke. Ba intanet kaɗai ba, har kira ba ya shiga. Daga baya muka ji wai masu aikin hanya ne suka tsinke wayar kamfanin da ke binne a ƙasa. Kan ka ce kwabo sai tasha ta rikice. Masu shaguna suka fito suna ɗaga wayoyi sama kamar masu neman wata. Gidajen abincin da ke kusa da mu suka fara tambayar mutane tun daga ƙofa ko da kuɗi a hannu, wanda ba shi da su ya juya da yunwarsa.

Ni ban yi gaggawa ba. Na shiga ciki, na kunna akwati na biyu, na jira fitilarsa ta tsaya, na haɗa na'urar karɓar kuɗi da wayar oda, na gwada, sannan na ce wa ƙanena ya ci gaba da aiki. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya sosa ƙeya.

Na ce, "Ɗan hutun ya tashi."

Labari ya bazu cewa gidan mai rowar iska ne kaɗai ke da sabis. Kujeru suka cika, har a kan tabarma a waje ana ci. Sai kuma masu buƙata suka taru, wannan zai tura kuɗin kaya, wancan yana jiran saƙo. Ranar ban hana ba, domin ranar da aka ajiye shi dominta ce ta zo. Amma na sa tsari. A yi layi, a miƙo mini waya in sa lambar da hannuna, wanda ya gama ya kashe ya ba na baya wuri. Wasu suka bi doka, wasu suka gama suka laɓe a gefe suna kallon bidiyo. Layin ya fara nauyi, amma yana tafiya.

Ana cikin haka, dab da azahar, saƙon murya ya shigo wayar oda daga lambar ɗan Hajiya. Da na saurara sai na ji ba muryarsa ba ce. Wani abokin aikinsa ne, yana magana da sauri. Ya ce motar da yaron ke tuƙawa ta yi karo, ya ji rauni a ciki, likitoci suna shirin shiga da shi tiyata, kuma sun ce aikin mai hatsari ne. Ya ce yaron yana cikin hankalinsa, ba abin da yake maimaitawa sai a nemo masa mahaifiyarsa. Sun kira wayar maƙwabciya har sun gaji, ba ta shiga. Ya ce, "Don Allah Malam, in kana jin wannan saƙon, ka yi sauri. Ba za su jira mu ba."

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Da akwatin nan bai kasance ba, da saƙon yana can yana yawo har washegari.

Na amsa masa da cewa su riƙe wayar kusa da yaron. Na ce wa ƙanena kada ya bar teburin. Ban iya ɗaukar akwatin in kai mata ba, tunda ƙarfinsa yana jikin eriyar da ke saman rufi. Dole ita ce za ta zo. Na tare Keke Napep na nufi gidanta.

Na same ta a zaure tana ƙulla turare a leda. Ta dubi hannuna ta ga ba kwano. Ta ce, "Yau kuma bawan nawa yajin aiki yake yi?"

Na durƙusa na gaya mata komai yadda yake, ban rage ba, ban ƙara ba. Hannunta ya tsaya cak. Ta ajiye ledar. Can ta ce, "Da zai tafi ya nemi izinina ne? Wanda ya kai shi can ya dawo da shi."

Na ce, "Hajiya, ku yi wa Allah. Lokaci ne ba mu da shi."

Ta ce, "Na riga na yi magana. Je ka ka kula da tukwanenka."

Amma na ga ta sake ɗaukar ledar da ta riga ta ƙulla, ta kwance ta. Na gane abin da ke riƙe da ita. Ba ƙiyayya ba ce. Ta yi furuci a gaban mutane shekara da shekaru, ta rasa ƙofar da za ta bi ta fita daga cikinsa. Roƙo ba zai yi ba, limamai ma sun roƙa sun gaji. Wa'azi kuma daga bakin sa'an ɗanta zai zama raini. Hanya ɗaya ta rage, wadda ita da kanta ta daɗe tana buɗe mini ina ƙin shiga.

Na miƙe tsaye, na gyara hula, na ɗaure fuska. Na ce, "Ke baiwata, tashi. Ubangidanki ne ke ba ki umarni. Tun zamanin kakanni ba a taɓa jin Babarbare ya yi musu da Bafulatani ba."

Ta ɗago kai da sauri, baki buɗe. "Kai? Kai ne ubangidan wa? Wa ya koya wa kakanka sa wando?"

Na ce, "Ko ma wane ne, bai koya muku kara ba. Kullum ki lashe kwanon yaro, ki ce ba kya jin muryarsa. Mu ko a ruga ba a shan nonon saniya a ƙi kallon fuskarta. Ashe rowar Barebari ta kai har gafara ma sai an saya?"

A bakin wani, wannan magana zagi ce da za a kai ƙara gaban mai unguwa. A bakin abokin wasa kuwa, al'ada ta ce dole a haɗiye. Hajiya ta yi wata irin dariya da ta karye a tsakiya ta zama kuka. Ta goge ido da bayan hannu. Ta ce, "Shekara nawa ina tsokanar wannan gunkin, sai yau ya ga damar yin baki. Miƙo mini mayafina, bawan banza."

Muka iso gidan abinci ana ta hayaniya. Na zaunar da ita a kujerar da ke kusa da akwatin, maiɗakina ta fito daga madafa ta tsaya a bayanta. Na danna kiran bidiyo. Ya shiga, amma hoton ya daskare. Rabin fuska muke gani, murya tana zuwa guntu-guntu, sai ta yanke. Na sake kira, haka. Mutane sun yi wa layin yawa.

Na ɗaga murya na ce kowa ya kashe wayarsa. Wasu suka kashe, wasu suka sunkuyar da kai kamar ba da su ake ba. Ban sake maimaitawa ba. Na shiga na canza lambar sirri, kowa ya faɗo a lokaci ɗaya, har da na'urarmu ta karɓar kuɗi. Na haɗa wayar oda ita kaɗai.

Ƙanena ya matso ya ce a hankali, "Yaya, har tamu? Ga mutane sun ci suna jiran biya."

Na ce, "Su zauna. A ƙara musu ruwan sanyi."

Wani Alhaji, babban falken wake, wanda layi ya zo kansa daidai lokacin, ya taso yana huci. "Haba Malam, wane irin wulaƙanci ne wannan? Motata na tsaye cike da kaya, masu wake sun riƙe direbana sai sun ga kuɗinsu."

Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri. Wakenku ba tiyata za a shiga da shi ba."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar da wayar da ke hannuna. Ya ja da baya ya zauna.

Na sake danna kira. Wannan karon hoton ya fito tar, kamar yaron yana cikin ɗakin. Yana kwance a gadon da ake turawa, an sa masa hular asibiti, fuskarsa ta kumbura. Da ya ga mahaifiyarsa sai ya kira ta da Barbarci. Hajiya ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kawo ta kusa da fuskarta har sai da maiɗakina ta ɗan ja mata baya don ya riƙa ganinta.

Ba na jin Barbarci, don haka ba zan ƙirƙiri abin da suka ce ba. Na dai ga yana magana hawaye na gangarowa cikin kunnensa, ita kuma tana girgiza kai tana shafa gilashin wayar da yatsa. Gidan abincin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit. Cokali ma ba ya ƙara.

Sai Hajiya ta ɗago ta dubi jama'a, ta juya harshe zuwa Hausa. Ta ce, "A gaban mutane na yi fushi, a gaban mutane zan sauke. Ku shaida, na yafe wa ɗana duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka, ya tashe shi lafiya."

Wanda ya fara cewa amin, da ƙarfi kuwa, Alhajin wake ne. Ya ɗaga hannu ya ja addu'a, duk ɗakin aka shafa. Muna cikin shafawa muka ga ma'aikatan asibiti sun kama gadon, abokin ya karɓi wayar ya ce za su shiga. Kiran ya ƙare.

Na mayar da na'urarmu kan layi, na sa aka koma bin tsari daga inda aka tsaya, Alhaji a gaba. Babu wanda ya yi gunaguni. Hajiya ta ƙi komawa gida, ta zauna a madafa wurin maiɗakina tana jan carbi. Bayan la'asar saƙo ya shigo cewa an fito da shi, kuma likitoci sun ce an dace. Da aka gaya mata, ta yi sujada a nan kan simintin madafa. Da ta ɗago sai ta ce a zubo mata burabusko, tun safe ba ta ci komai ba. Ta ci loma biyu ta dubi maiɗakina ta ce, "Yau kam ya ɗan yi kama da abinci."

Layin farko bai dawo ba sai washegari.

Daga ranar, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya takan zo ta zauna a wannan kujera su yi hira da ɗanta, tana yi masa faɗa a kan rashin aure da rashin cin abinci. Allah bai nufa su sake haɗuwa ido da ido ba. Ta rasu da damina ta zagayo, kafin ya gama warwarewa ya samu izinin tafiya. Da ya dawo, gidan abincina ya fara sauka da jakarsa, yana ɗingishi. Ya tambaye ni kujerar da take zama. Na nuna masa, ya ajiye jakar, ya zauna a kai ya yi mata addu'a.

Yanzu a layinmu shaguna da dama sun kafa tasu sandar a saman rufi. Mai kayan masarufi da ya fara kirana mai rowar iska, ni ya zo ya tambaya wane irin akwati zai saya. Ƙanena kuwa, in na makara da safe, nakan tarar ya riga ya kunna ɗan hutun ya gwada.

Ina alfahari da ranar nan, ba zan ɓoye ba. Abin da ta koya mini shi ne, mai shago ko mai gidan abinci da ya dogara da layi ɗaya kamar direba ne da ya shiga daji ba safaya. Kuma ajiye safayar kaɗai ba ya isa, sai ana duba ta a ranakun da ba a buƙatarta, ana jure dariyar masu dariya, ana hana ta ga wanda zai ɓata ta a banza. Ni don ciniki na ajiye tawa, ban taɓa zaton uwa ce za ta hau ta ta isa wurin ɗanta ba. Mutum dai ya yi tanadinsa ya gyara shi, Allah ne ya san wanda zai yi wa rana.